Inda Mai Lema Take Sauka

Zuwa ga maigidana, Baban Aku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya rana a can inda kuke shimfiɗa titin? Ya ciwon bayan da kake ɓoye mini? Direban kamfaninku da ya kawo saƙonka ya tona maka asiri, ya ce yanzu da hannu a ƙugu kake tafiya kamar kakan wani. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. Mamanka ta samu sauƙin ƙafar, tana sa maka albarka.

Na karanta wasiƙarka, na ga rabinta faɗa ne a kan motar safe. Ka ce hankalinka bai kwanta ba da nake sauka in bar yarinya 'yar shekara shida a cikin motar haya. To, Malam mai faɗa daga nesa, zauna in yi maka bayani, tunda wurin naku ko waya ba ta shiga balle ka ji ta bakina.

Ka san makullin kantin maganin a hannuna yake, ni ke buɗewa. Kantin kuma yana gaba da gidanmu kaɗan, makarantar Aku tana can bayan gada. Ranar da ta fara zuwa, na raka ta har ƙofa na dawo, na tarar da mutane tsaye da takardun likita suna jirana, mai kanti kuma ya cika ya yi fam. Washegari na shiga mota zuciyata a cunkushe, ban san yadda zan yi ba. Babu wurin zama, sai wata dattijuwa da ke zama a kujerar bayan direba ta miƙo hannu ta ɗora Aku a cinyarta. Kafin mu kai kanti 'yarka ta riga ta zayyana mata komai, har da faɗan da aka yi mini jiya. Sai matar ta dube ni ta ce in sauka in kama aikina, ai makarantar hanyarta ce, za ta tsallakar da ita.

Ba baƙuwa ba ce. Tun kafin a haifi Aku nake ganinta a motar nan, kullum ina shiga na tarar da ita a kujerarta, don daga babbar tasha take hawa. Kowa Mai Lema yake ce mata, saboda wata baƙar lema da ba ta rabuwa da ita ko da sama tas take babu gajimare. Aku kuwa Kaka take ce mata.

Kada ka ɗauka ban bi sawu ba. Wata ranar hutuna na bi su har makarantar don in gani da idona. Titin nan mai hannu biyu ne, babu gadar masu ƙafa, zanen tsallakawar ma ya goge tuntuni, motoci kuma ba sa sanin akwai yara a duniya. Amma da ka ga Mai Lema! Sai ta ɗaga lemar nan a naɗe, ta tsare direba da ido, wallahi har mai babbar mota taka burki yake. Kuma ba a yatsu take riƙe Aku ba, a wuyan hannu take kama ta, wai yatsun yaro sulɓi gare su. Sai ta danƙa ta a hannun maigadin makaranta sannan take juyawa. Ni da na haife ta ban iya wannan tsallakarwar ba.

Motar tamu dai tana nan yadda ka san ta, ƙofar sai an ɗaga an buga take rufuwa. Malam mai jarida yana nan yana karanta mana labarin jiya da ƙarfi ko ba mu tambaya ba, ma'aikaciyar jinyar nan kuma tana nan tana gyangyaɗi a kafaɗar duk wanda tsautsayi ya kai kusa da ita. Dogo kwandasta ne kawai ya bar mu, ya koma motar dogon zango, aka kawo wani mai baƙin rai da ko gaisuwa ba ya amsawa.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka: duk motar nan yanzu an san kana minshari, an san kuma kana tsoron allura. Sunan da ka laƙaba wa 'yarka ya bi ta, bakinta ba ya hutawa. Ta ce in faɗa maka ta iya rubuta sunanta, kuma ka zo mata da takalmi mai fitila.

Ka kula da bayan nan, ka daina ɗaukar abin da ya fi ƙarfinka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Maman Aku


Baban Aku,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Kafin komai, ka kwantar da hankalinka: Aku lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikinta. Na fara da wannan ne don na san halinka, kada ka tashi tsaye kafin ka kai ƙarshen takardar.

Mota ta buge Mai Lema.

Ina cikin jera magunguna a kan kanta maigadin makaranta ya kira ni. Ban san yadda na rufe kantin ba. Da na isa na tarar da Aku zaune a kan bencin maigadi, ta rungume lemar, ƙarafunan duk sun karye sun fito waje. Shi ya tsinto ta a bakin kwalbati ya ba ta, don ta ƙi motsawa daga bakin ƙofa sai da aka ɗauko mata.

Yadda ya ba ni labari, ta tsallakar da Aku kamar kullum, ta danƙa masa ita, ta juya za ta koma ɗaya hannun. Ta ɗaga lemarta, motar hayar da ke gaba ta tsaya. Ashe akwai wata bas a bayanta, su biyun tsere suke yi don rige-rigen ɗaukar fasinjojin da ke tsaye a gaba. Sai ta bayan ta fito ta gefe da gudu. Direban ya ce bai gan ta ba, kuma na yarda bai gan ta ba, don idonsa yana kan fasinja. Yana hannun hukuma yanzu, amma wannan bai rage mini komai ba. Aku tana tsaye a bakin ƙofa tana ɗaga mata hannu lokacin da abin ya faru, duk a kan idonta.

Na kai Aku wurin Mamanka na wuce asibiti. A kai ta bugu, ba ta san inda take ba. Jakarta da 'yar wayarta sun yi ɓatan dabo a cikin taron da ya kewaye ta a titi. Allah ya isa tsakaninta da wanda ya iya miƙa hannu a irin wannan lokaci.

Ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya ta ga yadda nake kuka, ta ɗauka 'yarta ce ni, ta ɗauki biro ta tambaye ni sunanta. Baban Aku, ban sani ba. Ta tambayi unguwarsu, ban sani ba. Ta tambayi ko tana da 'ya'ya, ban sani ba. Na san tarinta, na san ƙamshin man da take shafawa, na san ba ta son a buɗe tagar da ke gefenta. Kullum da safe ina ɗora mata abin da na fi so a duniya a cinya, amma ban san sunanta ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni a gaban matar nan.

Likita bai ɓoye mini ba, ya ce abin sai addu'a, in yi ƙoƙari in nemo danginta da wuri. Na tambayi abin da ake yi idan ba a samu kowa ba. Ya ce asibiti na ajiye mutum na ɗan lokaci, in ba wanda ya zo, sai a haɗa shi da sauran waɗanda ba a san su ba a binne. Matar da ba ta taɓa sakin hannun 'yarmu ba, ba zan bari ta tafi a matsayin wadda ba ta da kowa ba.

Aku ba ta yi magana ba tun ranar. Tana ci kaɗan, tana bin mutum da ido, lemar na gefenta ko barci take. Gidan ya yi tsit, har na fara jin ƙarar agogon bango da na manta muna da shi.

Ka sa mu a addu'a. Mamanka na gaishe ka.

Matarka,
Maman Aku


Baban Aku,

Sallama da gaisuwa, da fatan bayan ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, na gode da ba ka ce ai ka faɗa ba. Na san ba za su sake ka ba sai an gama wannan ɓangaren titin, kada ka sa wa ranka damuwa a kan haka.

Har yanzu tana nan yadda take, kuma har yanzu ban samu kowa nata ba.

Na fara da 'yan motarmu. Malam mai jarida ya naɗe jaridarsa, ya ce shekara da shekaru yana zama a bayanta, bai taɓa tambaya ba. Ma'aikaciyar jinya ta san tana da hawan jini, don ta taɓa ba ta shawarar magani, iyakar saninta ke nan. Direba ya ce shi titi yake kallo, sabon kwandasta kuma ya ɗaga kafaɗa. Kowa na kallon kujerar bayan direba, ba wanda ya iya zama a kanta sai da wani baƙo ya shigo.

Daga nan na koma wajen makaranta, tunda can take sauka, can aikinta zai kasance. Mai kanti ya tausaya ya ba ni rana. Na ari lemar daga hannun Aku da ƙyar, don ko hotonta ba ni da shi, na bi shaguna da gidajen da ke ɗaukar masu aiki, na shiga gidan burodi, na shiga ƙaramin asibitin da ke lungu. Kowa ya gane lemar, ba wanda ya san mai ita. Wani mai sayar da lemo a bakin titi ya ce kullum yana ganinta tana wucewa da sauri ta nufi wajen gada, har yana tsokanarta wai ko ana bin ta ne. Na bi duk lungunan da ke tsakanin makarantar da gadar, ban samu komai ba sai ciwon ƙafa.

An yi cigiya a rediyo, amma cigiyar da babu suna wa zai gane ta? Na je babbar tasha, mutane kamar ƙasa, kowa daga wata unguwa yake fitowa. Na dai bar saƙo a wurin masu lodin dogon zango, in Dogo ya dawo a ce ina nemansa.

Da yamma in na tashi aiki nakan je in zauna a gefen gadonta. Ina ba ta labarin Aku, ko tana ji ko ba ta ji. Jiya na kama hannunta, sai na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: tafin duk ya tsattsage ya yi fari, irin hannun da ya daɗe a cikin ruwa da sabulu. Masu jinyar gadajen kusa suna ce mini ya jikin Mama, ni kuma ina amsawa da sauƙi, don ban san ta inda zan fara bayani ba.

Ina jin tsoro, Baban Aku. Numfashinta ya fara canzawa.

Taka,
Maman Aku


Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya, ya haƙuri da mu. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Mai Lema rasuwa. Amma ba ta tafi a matsayin wadda ba a sani ba, kuma ina so ka ji yadda aka yi.

Dogo ya samu saƙona, ya zo har kanti da ƙurar hanya a jikinsa. Da na ce masa na gama bincike kaf a wajen makaranta inda take sauka, sai ya dafe kai. Ya ce Inna ai ba a makaranta take sauka ba. Tun da ya fara aiki a motar nan, a gidan wanki da guga take sauka, wanda ke gaba da kantinmu, tun kafin a hau gada. Ranar da ta fara ɗaukar Aku, da aka iso gidan wankin ya buga jikin mota direba ya tsaya, sai ta yi masa alama da lema a wuce. Bayan nan ta ja shi gefe ta ce kada ya kuskura ya gaya wa uwar yarinyar, don in ta sani ba za ta yarda ba, kuma za ta rasa aikinta a banza. Shi ma bai san sunanta ba, Inna yake ce mata. Yana faɗa yana share ido da hularsa, ƙaton mutum kamar Dogo.

Ba hanyarta ba ce, Baban Aku. Ba ta taɓa zama hanyarta ba. Kullum sai ta wuce wurin aikinta, ta haye gada da 'yarmu a cinya, ta tsallakar da ita, sannan ta sake tsallakowa ta dawo da ƙafa, don a wannan lokacin motocin da ke komowa a cike suke maƙil, ba sa tsayawa.

Na tafi gidan wankin a take. Shugabarsu ta ce tun da aka koma makaranta matar da ba ta taɓa makara ba ta fara zuwa a makare, tana haki, ƙafafu duk ƙura, kuma an yi juyin duniya ta ƙi faɗin dalili. Ana gobe abin zai faru ta yi mata faɗa mai zafi a gaban kowa, ta ce in ba za ta iya zuwa a kan lokaci ba ta zauna a gida. Da ba su gan ta ba, sai suka ɗauka fushi ta yi. Da na gaya mata dalilin makarar, sai ta zauna a kan ƙullin kayan wanki ta rufe fuska. Ban ga laifinta ba, ni ma ai ban tambaya ba.

Wata abokiyar aikinta ta san ɗakin da take haya. Ita kaɗai take zaune, maƙwabta sun ɗauka ta tafi ganin 'yarta da ke aure a wani gari mai nisa, 'yar kuma tana can tana ta kiran wayar da ba ta shiga. Muka kira ta, ta ce ga ta nan a motar farko da ta samu.

Na koma asibiti da gudu da sunan a bakina. Ashe takwarar Mamanka ce. Na sunkuya daidai kunnenta na kira ta da shi, na ce 'yarta na hanya, na ce Aku lafiyarta ƙalau, na ce yanzu na san ainihin inda take sauka, na gode. Ba ta buɗe ido ba. Ban sani ba ko ta ji, ba zan yi maka ƙarya in ce ta motsa ba. Ta cika da hantsi washegari, hannunta a cikin nawa, 'yarta kuma ta iso bayan azahar, motarsu ta lalace a hanya. Wannan jinkirin zai daɗe yana ci mini rai. Amma 'yarta ce ta yi mata wanka, danginta suka sallace ta, Malam mai jarida da Dogo da direbanmu da maigadin makaranta duk suna cikin waɗanda suka raka ta.

Na kai wa 'yar lemar, na ba ta labarin komai. Ta juya ta a hannu ta ce ta mahaifinta ce, tun da ya rasu uwar ba ta ajiye ta ba. Sai ta mayar mini, ta ce a bar wa yarinyar.

Bayan an share makoki na je makarantar ni kaɗai, na tako da ƙafa har gidan wankin, don in san abin da ta yi mana. Babu inuwa ko ta itace ɗaya. A kan gadar, wurin da aka bar wa masu ƙafa bai fi faɗin tabarma ba, in babbar mota ta wuce iskarta sai ta nemi ture mutum. Ni da ban kai rabin shekarunta ba sai da na tsaya na huta. Ku da kuke gina titi, don Allah in kun zo wurin da mutane ke tsallakawa, ka tuna da ita, ka yi magana ko ba za a ji ka ba.

Na mayar wa mai kanti makulli, na ce ya nemi mai buɗewa, ni zan riƙa zuwa bayan na kai 'yata. Ya yi gunaguni ya karɓa. An gyara lemar, mai gyaran ya sa mata sababbin ƙarafuna.

Jiya Aku ta koma makaranta. A mota ta zauna a cinyata ba ta ce uffan ba, har muka wuce kanti, muka wuce gidan wankin, muka haye gada. Muka sauka muka tsaya a bakin titi, motoci na ta wucewa kamar ba abin da ya taɓa faruwa a wurin. Na ɗaga lemar da hannu ɗaya, na kama yatsunta da ɗayan. Sai ta zare hannunta, ta kamo nawa ta ɗora a wuyan hannunta, ta ɗago kai ta ce, "Umma, ba a nan ba. A nan Kaka take riƙewa."

Maganarta ta farko ke nan. Na riƙe ta a inda ta ce, muka tsallaka, ban ga komai sosai ba saboda hawaye, amma motocin sun tsaya.

Ka yi mata addu'a, ka sa abokan aikinka su yi mata. Sunan ba zai yi maka wuyar tunawa ba. Mamanka na gaishe ka, Aku kuma ta ce a bar takalmin, kai take so ka zo.

Ni ce matarka mai jiran dawowarka,
Maman Aku